Kafin kyamarar titi ta fara cin tara a Kumasi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi bayani a kan kyamarorin da ake kafawa a titunan Gana, domin zancen ya cika tashoshin mota da teburan masu shayi na Aboabo da Asawase, kuma kusan dukansa a kan tara ya tsaya. Tun da rundunar 'yan sanda ta fito da shirin Traffitech-GH, inda kyamara ke ɗaukar hoton mai laifi a aika wa mai motar saƙo ta waya, direban trotro (ƙaramar bas ta haya) da mai pragya (keke mai ƙafa uku) suka ɗauka duk abin da ke bisa turke tarko ne. Mu da sana'armu ita ce kafa waɗannan na'urori da rubuta manhajarsu, shawararmu ga hukuma ita ce a fara da ƙirga, a gyara kundin rajistar motoci, sannan a zo kan tara. Idan aka fara da ta ƙarshen, za a kashe kuɗi masu yawa, a ci marasa laifi, cunkoso kuma ya ci gaba da zamansa.

Aiki biyu ne a nan, kuma kowane da irin kyamararsa. Ɗaya shi ne ƙirga abin hawa: nawa suka wuce, wane iri ne, ina suka juya, minti nawa suka yi a layi. Wannan ba ruwansa da ko motar wa ce. Ɗayan shi ne gane mota ta lambarta, fasahar da aka ƙirƙiro a sashen binciken 'yan sandan Ingila a 1976, wadda Landan ta dogara da ita wajen karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni tun 2003. Duk ɗan kwangilar da ya ce kyamara ɗaya zai kafa a shataletalen Suame ta ƙirga dukan hannuwa, ta kuma karanta kowace lamba, to a ce ya kawo lissafinsa a rubuce.

Kyamarar ƙirga tsayi take so, mita 8 zuwa 10, ta hango mararraba daga sama. In aka sa ta ƙasa da haka, tirela ɗaya da ta taso daga Tema za ta Burkina Faso ta isa ta tare pragya da babura da dama, abin da manhaja ba ta gani ba kuwa ba ta ƙirga shi. Tana ɗaukar hoto 15 zuwa 25 a daƙiƙa. A kowane hoto, manhajar gano abubuwa, galibi daga dangin YOLO, tana zana akwati kewaye da kowane abin hawa ta ba shi suna. Manhaja ta biyu ita ke bin akwatin daga hoto zuwa hoto, ta maƙala masa lambar wucin gadi, don a san motar da ke nan yanzu ita ce ta can ɗazu. Injiniya ya riga ya ja layi a kan hoton a bakin kowace hanya, saboda haka akwatin da ya shigo ta layin gabas ya fita ta na arewa an rubuta shi a matsayin juyi ɗaya. Jimilla kuma duk minti 15 ake tara ta, domin cunkoson safe yakan dunƙule ne cikin rubu'in awa ɗaya ko biyu, jimillar awa guda kuwa ɓoye shi take yi.

Cikas na farko yana cikin abin da aka koya wa manhajar. Yawancin waɗanda ake samu a shirye da tarin hotunan COCO aka horar da su, mai rukuni 80. Akwai mota, bas, babbar mota, babur, keke da mutum. Babu pragya, wato keke mai ƙafa uku da 'yan'uwanmu na Kano ke kira A Daidaita Sahu. Babu aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, babu amalanke, trotro ma ba ta da rukunin kanta. Sai ka ga pragya ɗaya a hoto na farko babur ce, a na biyar ta zama mota, trotro kuma tana kai da kawowa tsakanin mota da bas. Maganin wannan aikin hannu ne. A ɗauki hotunan titunanmu, aƙalla dubu biyu zuwa uku ga kowane rukuni, da rana da dare, cikin ruwan sama da cikin hazon hunturu, mutane su zauna su zana akwatunan su sa sunaye. A tabbata akwai aboboya fanko, akwai kuma wadda aka lafta wa buhunan gawayi ko katifu har direban ya ɓace a ƙarƙashin kaya, don a idon manhaja waɗannan biyun ba su yi kama ba sam. A ware kashi ɗaya cikin biyar na hotunan, kada manhajar ta gan su lokacin horo, da su za a jarraba ta. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da matasan zango masu kwamfuta za su iya wannan aiki sarai, ba sai an kai shi ƙasar waje ba.

Ko bayan horo, kuskure ba ya ƙarewa. Motar da ta ɓuya a bayan bas ta sake fitowa takan sami sabuwar lamba, a ƙirga ta sau biyu. Babura uku da suka jeru kafaɗa da kafaɗa sukan zama akwati ɗaya. Da dare hasken fitila a kan jiƙaƙƙiyar kwalta yakan haifi motar da babu ita. Shi ya sa ba a karɓar aiki daga hannun ɗan kwangila sai an zaunar da mutum biyu sun ƙirga bidiyon minti 15 da ido, a lokuta daban-daban, an gwada da abin da na'ura ta bayar. A ganinmu, saɓanin da ya wuce kashi 5 cikin 100 da rana bai kamata a sa masa hannu ba.

Me ƙirgar za ta amfana? Mu ɗauki misali. A ce danja tana zagayowa duk daƙiƙa 90, hannu ɗaya yana samun kore na daƙiƙa 30. Idan motoci suka tashi a jere, tsakanin kowace da mai bi mata akwai kamar daƙiƙa 2, wato mota 15 a kore ɗaya. Zagaye 40 a awa, mota 600 ke nan a layi guda. To, trotro ta zo ta tsaya daidai bakin mararraba, yaron mota ya rataye a ƙofa yana kiran fasinja har daƙiƙa 20. Mota 10 cikin 15 sun rasa koren nan, sun koma jiran zagaye na gaba, kan na bayansu. In haka ta faru sau ɗaya a duk zagaye biyu, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin hanyar ya tafi. Wanda ke zaune a ofis zai ce a ƙara kore ko a faɗaɗa titi. Bidiyo kuwa zai nuna cewa matsar da wurin lodi mita 50 gaba, a yi masa ɗan lungun tsayawa, ya fi arha kuma ya fi aiki. Irin wannan ne muke so a auna a Anloga Junction, Oforikrom, Abrepo da Krofrom kafin a taɓa aljihun kowa.

Sai a kula da abu biyu wajen lissafin. Abin hawa ba ɗaya ba ne: injiniyoyi suna mayar da komai ma'aunin ƙaramar mota, babur wajen rabi ko ƙasa da haka, bas da babbar mota biyu zuwa uku. Ma'aunin pragya kuwa sai mun fitar da namu daga bidiyonmu, littafin Turai ba shi da shi. Sannan al'adar masu ƙirga ita ce su zaɓi Talata zuwa Alhamis a matsayin ranakun da aka saba. A Kumasi wannan bai isa ba. Juma'a da azahar kewayen babban masallaci wani gari ne daban, Asabar kuma ranar jana'iza ce a ƙasar Asante, ana tare unguwanni da rumfuna, motoci su kwararo manyan hanyoyi. Lokacin danja da aka tsara da ƙirgar Laraba ba zai yi wa Asabar daidai ba.

Akwai kuma amfanin da ba a cika ambata ba. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua ta daɗe tana tara bayanan haɗurra daga rahoton 'yan sanda, amma rahoto sai an yi haɗari ake rubuta shi. Kyamarar ƙirga tana iya nuna wuraren da mota da mai tafiya a ƙasa suke kusan haɗuwa sau da dama a yini, saura daƙiƙa ɗaya, kafin a kai ga zubar da jini. Da wannan za a san inda ya dace a sa wurin tsallakawa, maimakon inda mai faɗa a ji ya nuna da yatsa.

Yanzu ga kyamarar lamba, ga kuma lissafin da muka ce a nema. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kyamarar da aka saba da ita tana da ɗigo 1,920 a faɗi. Manhajar karatu tana bukatar tsayin harafi ya kai ɗigo 20 ko fiye kafin ta bambanta 8 da B. Idan kyamara ta kalli layi ɗaya mai faɗin mita 3.5, kowane santimita yana samun ɗigo biyar da rabi, harafi mai tsayin santimita 7 ya sami kusan 38, ya wadatar. Idan aka buɗe ta ta ɗauki layi huɗu, mita 14, harafin nan ya koma ɗigo 9 ko 10, babu manhajar da za ta karanta shi da gaskiya, sai dai ta yi canki-canka. Saboda haka ƙa'ida ita ce kyamara ɗaya ga layi ɗaya, ko biyu in mai ɗigo da yawa ce.

Na biyu ƙiftawa. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Kyamarar tsaro irin ta shago takan bar idonta a buɗe kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa da dare don ta tara haske. Cikin wannan ɗan lokaci motar ta matsa santimita 28, lamba ta zama jirwaye. Sai an taƙaita ƙiftawar zuwa kashi ɗaya cikin 1,000, inda motsin bai kai santimita ɗaya da rabi ba, a babbar hanya kuma ɗaya cikin 2,000. Amma gajeriyar ƙiftawa duhu take kawowa, don haka ake haɗa kyamarar da fitilar infirared mai zangon nanomita 850, hasken da idon direba ba ya gani. Fentin lamba yana maido da shi, matacin da ke gaban gilashin kuma yana rage hasken fitilun mota, sai lambar ta fito fes cikin baƙin hoto. Asarar da ake yi ita ce launi. A wannan haske farar lambar motar gida da rawayar lambar motar haya duk ɗaya suke, launin jikin motar ma ba a gani. Dole a ƙara kyamara ta biyu mai launi, ta ɗauki motar gaba ɗaya da inda take a kan titi.

Na uku kusurwa. Kada karkatar kyamara ta wuce digiri 30, ko daga sama ko daga gefe, in ba haka ba harufa su matse. A turke mai tsayin mita 6, wurin karatu kada ya gaza mita 11 daga gindinsa, mita 15 zuwa 25 ya fi. Kuma a tuna babur a baya kaɗai yake da lamba. Kyamarar da ke fuskantar motoci ta gaba ba za ta taɓa gane babur ko ɗaya ba, alhali masu babur suna cikin waɗanda suka fi tsallake jar danja, suna kuma cikin waɗanda suka fi mutuwa.

Bayan an yanko hoton lambar an miƙe shi, sai karatu. Lambar Gana tana da tsari: harufa biyu na yanki, kamar AS ko AK a Asante, GR, GT ko GW a babban birninmu Ankara, sai lambobi har huɗu, sai shekarar rajista a ƙarshe. Motocin da aka yi wa rajista kafin 2009 harafi ne a ƙarshensu. Sanin tsarin yana taimakawa, don idan manhaja ta ga 5 a gurbin harafi ta san S ne. Amma taimakon yana da haɗarinsa. Motocin Burkina Faso, Mali, Nijar da Togo suna ratsa Kumasi kullum. Manhajar da aka tilasta wa tsarin Gana takan lanƙwasa baƙuwar lamba har ta dace da wata lambar gida, sai tara ta sauka a wayar wani tela a Tafo wanda motarsa ba ta bar gida ba. Dole a koya mata tsarin maƙwabta, da na lambobin wucin gadi na DV da DP, da shuɗiyar lambar babur, a kuma ba ta damar cewa ba ta gane ba. Duk ranar da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, ta sauya fasalin lamba, sai an sake horon, kuma tsoho da sabo za su yi shekaru suna tafiya tare.

Ku duba lambar wata tsohuwar trotro da kyau a tashar Alabar. Kan kusoshin da aka ɗaure ta ya faɗa tsakiyar 0, ya mai da shi 8. Gefe ɗaya ya lanƙwashe tun ranar da wata mota ta daki bayanta. Hayaƙi ya dafe harafin farko, igiyar da aka ɗaure but da ita ta ratsa shekarar. Wannan ita ce lambar da na'ura za ta karanta, ba mai sheƙin da ke cikin takardar talla ba. Ko da manhaja tana karanta kowane harafi daidai sau 99 cikin 100, lamba mai harafi takwas za ta fito daidai ne kusan sau 92 kawai cikin 100. In an ce maka na'urar tana da kashi 95, ka tambaya mota nawa ke wucewa. A hanyar da mota 20,000 ke bi a yini, kashi 5 ɗin nan mota 1,000 ne.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a gilashi cikin 'yan kwanaki, hasken infirared ya daki ƙurar ya dawo, hoto ya yi fari. Ƙwari suna taruwa a wurin, gizo-gizo ya bi su ya saƙa yana daidai bakin gilashi, da dare zare ɗaya ya haskaka kamar igiya ya rufe rabin hoton. Babu manhajar da ke maganin wannan, sai mutum da tsani da tsumma, duk mako biyu, da hunturu kuma duk mako. Da damina tsawa ce abokiyar gaba. Turken ƙarfe mai mita 10 yana bukatar sandar ƙasa da na'urar tare wutar tsawa a kan wayar wuta da ta sadarwa duka. Akwatin ya zama mai hana ruwa da ƙura, matakin IP66, da hanyar fitar zafi, domin ƙaramar kwamfutar da ke ciki tana rage gudu in ta yi zafi, ta fara tsallake hotuna. Wayar da ke ɗaukar wuta da bayanai tare ba ta wuce mita 100, in nisa ya fi haka sai faiba.

Wuta kuwa kowa ya san dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Kyamara da fitila da ƙaramar kwamfuta suna shan wajen wat 50, wato wat-awa 1,200 a awa 24. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat-awa 2,400 a takarda, amma irin na dalma rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, yini ɗaya ke nan daidai. A yi batir biyu da faifan sola mai wat 400, saboda gajimaren Yuli da Agusta. A ɗaga su sama inda hannu ba ya kaiwa. Sai batun aika bayanai: bidiyo mai megabit 4 a daƙiƙa yana cin gigabait 43 a yini, kyamara 20 a wata ɗaya sun doshi terabait 26. Ba a tura wannan ta layin waya. A bar kwamfutar kan turke ta yi aikin a wurin, ta aika lamba da lokaci da ɗan hoton da aka yanko kawai. In kowane ya kai kilobait 100, mota 20,000 gigabait 2 ne.

Auna gudu shi ne inda tara ta fi bukatar taka-tsantsan. Hanya mafi sauƙi layi biyu ne a kan kwalta, tazarar mita 20, a ƙirga hotunan da ke tsakaninsu. A hoto 25 cikin daƙiƙa, mota mai gudun 50 tana ɗaukar hoto 36. Kuskuren hoto ɗaya ya mai da ita 51 da ɗoriya, ba komai. Mai gudun 100 kuwa hoto 18 take ɗauka, kuskuren ɗaya ya kai ta kusan 106. In iska ko wata mota ta ɗan karkata turken, layukan cikin hoto sun bar na kan kwalta, duk awon da zai biyo baya ya gurɓace ba tare da kowa ya sani ba. Don haka wurin tara yana bukatar rada tare da kyamara, da rangwamen 'yan kilomita sama da ƙa'ida, da takardar shaidar awo mai kwanan wata. Yadda hukumar ma'auni ta Ghana Standards Authority ke duba famfon gidan mai ta manna masa shaida, haka ya kamata wata hukumar da ba ita ke karɓar tarar ba ta riƙa duba na'urar gudu. Dokar hanya ta L.I. 2180 ta 2012 ta sa kilomita 30 a awa kusa da makaranta da kasuwa da wurin ibada, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a hanyar Ankara zuwa Tema. A kafa allon da ke nuna haka tukuna, inda direba zai gan shi. A jar danja kuma kada a dogara da launin fitila a cikin hoto, domin fitilun zamani ƙyaftawa suke yi da saurin da ido ba ya kamawa, gajeriyar ƙiftawa takan same su a kashe. A jawo waya daga akwatin danjar kanta, na'ura ta san daidai lokacin da ja ta kama.

Duk wannan in an yi shi daidai, lamba kawai aka samu. Wanda za a aika wa saƙo kundin DVLA ne zai faɗa, kuma a nan ne muke ganin babban rami. A garin nan mota takan wuce hannu uku ba a canza suna ba. Wani dillalin da ya yi masa takardu ne ya sa lambar wayarsa. Wani ya bar layin da ya yi rajista da shi tun tuni. Ga masu ba direba mota ya yi aiki yana biya har ta zama tasa, takarda na sunan wani, sitiyari na hannun wani. Ga pragya ɗaya mai direban safe da na dare. Kyamara ta karanta daidai, saƙo ya tafi ga wanda ya sayar da motar shekara shida da suka wuce, ko ga layin da ya mutu, tara ta yi ta taruwa har ranar da mai motar na yanzu zai je sabunta takarda ya tarar da bashin da bai san da shi ba. Gyaran ba ya bukatar kyamara ko ɗaya. Motar gida tana zuwa gwajin lafiya duk shekara, ta haya duk wata shida. A kowane zuwa a tabbatar da mai ita da Ghana Card, a aika lambar sirri ga wayarsa ya karanto ta a wurin. A gwada kundin da rumbun inshorar motoci da hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ta buɗe a 2020, inda suka saɓa a bincika. A kuma buɗe wa'adin canza suna cikin rahusa, a yi shelarsa a tashoshi da masallatai da Suame Magazine, unguwar makanikai. Shekara ɗaya ta wannan za ta yi abin da kyamara ɗari ba za su yi ba.

Da zarar tara ta kankama, lambar jabu za ta yawaita, wannan an gan shi a ƙasashen da suka riga mu. Mai laifi ya kwafi lambar wata mota irin tasa, mai gaskiya ya biya. Na'ura tana iya kama wasu: in kundi ya ce farar ƙaramar mota ce, hoto ya nuna baƙar babba, ko in lamba ɗaya ta bayyana a Ankara da Kumasi cikin awa guda alhali tsakaninsu kusan kilomita 250 ne. Amma ba za ta kama duka ba. Shi ya sa muke cewa kada saƙon tara ya fita sai jami'in MTTD, sashen 'yan sandan kula da hanya, ya dubi hoton da idonsa ya gwada shi da kundi. Saƙon ya zo da hoto, wuri, lokaci, gudun da aka auna da wanda doka ta yarda. A ba mutum hanyar ƙalubalanta ba tare da ya fara biya ba, da layin waya mai amsawa da Twi da Hausa, don direbobi da yawa ba sa karanta Turanci. Hanyar biya kuma ta zama ɗaya tak da kowa ya sani, in ba haka ba 'yan damfara za su fara aika saƙon tara na ƙarya da lambar momo, wato asusun kuɗi na waya, kamar yadda suke yi da wasu abubuwan.

Saura sirrin jama'a. Kyamarar lamba ba masu laifi kaɗai take rubutawa ba, kowa take rubutawa. Wanda ya riƙe bayanan wata uku ya san masallacin da kake zuwa, asibitin da kake kai iyali, gidan da ka kwana. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ce a tara bayani don manufa sananniya, kada kuma a riƙe shi fiye da bukata. A aikace, bayanan motar da ba ta yi laifi ba a goge su cikin 'yan kwanaki, mu dai ba ma ganin dalilin wuce 30. In don auna tsawon tafiya ne daga Sofoline zuwa Tech Junction, a juya lambar ta zama wata alama da ba a iya mayarwa, a riƙa sauya mabuɗin kullum, lissafi zai fita ba tare da an san motar wa ce ba. A dusashe fuskokin masu tafiya a ƙasa. Duk jami'in da ya binciki wata lamba, na'ura ta rubuta sunansa da lokaci da dalili, wani daban ya riƙa duba wannan rubutun.

Ga 'yan majalisar birnin Kumasi, KMA, da ta Asokore Mampong da za su ga takardun kwangila, a duba ko an sa kuɗin shara da gyara da kayan canji na aƙalla shekara biyar, da sunan wanda zai hau tsani. A duba ko bayanan da hotunan horon mallakar hukuma ne, a tsarin da wata manhaja za ta iya buɗewa in an rabu da kamfanin. A ƙi yarda da biyan ɗan kwangila da kaso daga cikin tara, domin wanda cinikinsa ke ƙaruwa da yawan masu laifi ba zai so a gyara lokacin danja ba. Kuma a buga sakamakon ƙirgar kowace mararraba duk wata uku, ƙungiyoyin direbobi irin GPRTU da masu pragya su gani, su kawo nasu gyaran kafin a sauya musu wurin lodi.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin kyamarorin titi da manhajar kwamfuta,
Asawase, Kumasi.